Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Yadda Aka Mai da Layi Haja a Dandalin Wasannin Yara

A Marne-la-Vallée, gabas da birnin Paris, akwai wani katafaren dandalin wasanni mai suna Disneyland Paris, wanda aka buɗe ranar 12 ga Afrilu 1992. A bakin manyan abubuwan hawa na wannan wuri ƙofofi biyu ne. Ta farko tana shigar da mutum cikin dogon layi mai naɗe-naɗe kamar hanjin rago, inda iyaye da ƴaƴansu kan shafe awa guda ko fiye a tsaye, ko ana rana ko ana ɗari. Ta biyu hanya ce miƙaƙƙiya, wadda mai bin ta ba ya daɗewa sai ya iske kansa a kan kujera. Abin da ya raba ƙofofin nan biyu kuɗi ne kawai. Duka mutanen sun biya kuɗin shiga dandalin tun daga babbar ƙofa, amma na ƙofa ta biyu sun ƙara wani abu a kai domin a ba su izinin wuce waɗanda suka riga su zuwa.

Wani zai ce mene ne abin ɓata tawada a kan lilon yaran Turawa, alhali duniya cike take da matsalolin da suka fi wannan nauyi. Amsar ita ce, a wurin wasa ne ake fi saurin gane ɗabi'ar al'umma, domin a nan ne take koya wa ƴaƴanta abin da ba ta rubuta a littafin makaranta ba. Abin da ake yi a bakin ƙofofin nan cin amana ne da aka yi wa ado da suna mai daɗi, kuma ya kamata a kira shi da sunansa na gaskiya: sayar da lokacin wani ga wani, ba da sanin mai shi ba, ba kuma tare da an biya shi ko tamma ba.

Asalin lamarin

Walt Disney ya sha ba da labarin yadda tunanin gina dandalinsa ya zo masa. Yana zaune ne a kan benci a wani lambun shaƙatawa na birnin Los Angeles, yana kallon ƴaƴansa mata biyu suna hawan dokin lilo, sai ya ga ya dace a samu wurin da iyaye da yara za su yi nishaɗi tare. A ranar 17 ga Yuli 1955 aka buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kaliforniya, kuɗin shigar babba dalar Amurka 1. A 1971 aka buɗe na biyu, Walt Disney World, kusa da Orlando a jihar Florida, shekara biyar bayan rasuwarsa.

Ba a taɓa yin wasa kyauta a waɗannan wurare ba, kuma babu mai cewa a yi. A shekarun farko, bayan kuɗin ƙofa, mutum kan sayi ɗan littafin tikitoci masu haruffa, daga A na ƙananan wasanni har zuwa E na manya, wanda aka ƙaro a 1959. Mai kuɗi da yawa yana iya sayen tikitoci da yawa. Amma idan aka zo bakin abin hawa, layi ɗaya ne ga kowa, ɗan attajiri a bayan ɗan direba idan ɗan direba ne ya fara isowa. A 1982 aka soke waɗannan tikitoci, aka koma biya ɗaya a ƙofa, mutum ya hau abin da ya ga dama sau nawa ya ga dama. Alkawarin da ke cikin wannan tsari a fili yake: da zarar an ƙetare ƙofa, kowa daidai yake da kowa, abin da ya rage sai sammako da haƙuri.

Daga kyauta zuwa ciniki

Da jama'a suka yawaita, layuka suka yi tsawo, sai kamfanin ya fito da wata dabara a 1999 mai suna FastPass. Mutum ya sa tikitinsa na shiga cikin wata na'ura a bakin abin hawa, ta ba shi ƴar takarda mai ɗauke da lokacin da zai dawo. Ya tafi ya ci abinci ko ya huta a inuwa, lokaci ya yi ya dawo ya shiga ta gajeriyar hanya. Wannan dabara tana da nata aibi, domin wanda ya san sirrinta ya fi baƙo cin moriyarta. Duk da haka kyauta ce, kuma hannun kowa yana iya kaiwa gare ta. A haƙiƙa layi ne dai, sai dai takarda ce ke tsaya wa mutum.

Daga nan aka fara gutsurar alkawarin kaɗan-kaɗan, kamar yadda gara ke cin azara. A 2013 da 2014 aka sauya tsarin a Florida zuwa FastPass+, inda ake kama wuri ta intanet tun kafin ranar zuwa. Wanda zai kwana a otel ɗin kamfanin yana da damar kama wuri kwana 60 kafin ya zo, saura kuwa kwana 30. Ba a karɓi kuɗi kai tsaye ba, amma an riga an nuna wa wanda za a fara zuba wa tuwo. A 2017 aka fito da MaxPass a Kaliforniya, dalar Amurka 10 a yini, domin mutum ya kama wuri ta wayar salula maimakon ya taka zuwa na'ura.

Sai annobar korona ta zo, aka rufe wuraren a watan Maris 2020. Da aka sake buɗewa, FastPass na kyauta bai dawo ba. A watan Agusta 2021 dandalin Paris ya fara sayar da abin da ya kira Premier Access, yuro 8 zuwa 15 ga mutum ɗaya a kan hawa ɗaya tak, wato tsakanin jika 5 da kusan jika 10 na sefa. A watan Oktoba na wannan shekara aka ƙaddamar da Genie+ a Florida a kan dalar Amurka 15 a yini, a watan Disamba kuma a Kaliforniya a kan 20, aka sa wa gajeriyar hanyar suna Lightning Lane, wato hanyar walƙiya. Wasannin da aka fi rububi an cire su daga wannan kuɗi, kowane da nasa farashi daban. Ba a daɗe ba farashin ya fara hawa da sauka bisa yawan jama'a, har ya kai dalar Amurka 39 a ranakun cunkoso na ƙarshen 2023. A watan Yuli 2024 aka sake masa suna da fasali, a watan Oktoba 2024 kuma aka ɗora wani hawa a bisa, Premier Pass, wanda a Florida aka fara sayar da shi tsakanin dalar Amurka 129 da 449 ga mutum ɗaya a yini ɗaya, ban da kuɗin shiga. Babban farashin nan ya haura jika 250 na sefa, ya zarce albashi mafi ƙanƙanta na wata shida a Nijar, inda aka tsaida shi a kan jika 42 tun farkon 2024.

Disney bai kaɗaita da wannan sana'a ba, hasali ma wasu sun riga shi. Kamfanin Universal ya daɗe yana sayar da Express Pass, yana kuma ba da shi ga masu kwana a wasu otel-otel nasa mafi tsada. Six Flags ya yi shekaru yana sayar da Flash Pass hawa-hawa, kowane mataki da gwargwadon jiran da yake ragewa. A Faransa, Parc Astérix yana da nasa mai suna Filotomatix. Abin da ya sa labarin Disney ya fi ciwo shi ne, shi ne ya nuna wa duniya har shekara ashirin cewa ana iya rage wahalar layi ba tare da an tambayi aljihun kowa ba, sannan ya juyo ya sa wa abin farashi.

Lissafin da ba a rubuta a jikin tikiti ba

Kowane abin hawa yana da iyakar mutanen da yake iya ɗauka a awa guda. Yawan kujeru da saurin jirgi da lokacin shiga da fita su ne suka ƙayyade wannan adadi, kuma sayar da tikitin tsallake layi ba ya ƙara kujera ko ɗaya. Saboda haka duk mintin da aka rage wa wani, daga wuyan wani aka ciro shi. Wannan lissafi ne da ɗan ajin ƙarshe na makarantar firamare zai iya yi a kan allo.

A ɗauka, alal misali, abin hawa yana ɗaukar mutum 1,200 a awa, wato 20 a kowane minti, kuma mutum 1,200 ne suke tsaye a layi. Na farko zai hau nan take, na ƙarshe bayan awa guda. To, a ce mutum 300 da suka zo daga ƙarshe sun biya an wuce da su gaba. Kafin a gama kwashe su minti 15 sun wuce, don haka kowane ɗaya daga cikin 900 ɗin da suka riga su zuwa an ƙara masa jiran minti 15. Idan aka tara, minti 13,500 ke nan, wato awa 225 na rayuwar bayin Allah. Su kuma 300 ɗin kowanensu ya tsira da minti 45, jimilla minti 13,500, babu ƙari babu ragi. Abin da aka ba waɗannan shi ne daidai abin da aka ƙwace wa waɗancan. Idan kowane ya biya yuro 15, kamfani ya sa yuro 4,500 a aljihu, kusan sefa miliyan 3. Mutum 900 da aka sayar da lokacinsu ba su samu ko ruwan sha ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Lamarin bai tsaya nan ba. Wanda ya tsira da minti 45 ba gida yake tafiya ba, wani abin hawan yake nufa, ya sake wuce wasu a can. A ƙarshen yini mai tikitin walƙiya ya hau goma, mai tikitin ƙofa kawai ya hau huɗu ko biyar, alhali kuɗin ƙofa ɗaya suka biya. Ke nan darajar tikitin talaka ta ragu ba tare da an rage masa farashi ba. A kasuwar hatsi, wanda ya karɓi kuɗin tiya cikakkiya ya auna wa mutum rabi, sunansa sananne ne, kuma ba a yi masa kirari.

Mafi muni shi ne abin da wannan ciniki ke yi wa zuciyar mai dandali. A da, dogon layi abin kunya ne gare shi, kuma asara ce, domin mutumin da ke tsaye a layi ba ya sayen abinci ko tsaraba. Dole ya nemi hanyar gajarta shi. Yanzu kuwa dogon layi shi ne tallar hajarsa. Allon da ke nuna jiran minti 90 a bakin ƙofa shi ne ke tura uba ya ciro waya ya biya. Ranar da layi ya gajarce, babu mai sayen hanyar walƙiya. Ba lallai ne a zargi kowa da tsawaita layi da gangan ba. Ya isa a lura cewa an kafa tsarin da mai magani ke cin riba daga daɗewar ciwo, kuma mai hankali ba ya ba kura ajiyar nama.

Hujjojin masu kare tsarin

Masu goyon bayan wannan ciniki suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, suna cewa ba a tilasta wa kowa ba, wanda ya so ya saya, wanda bai so ba ya bari. Wannan gaskiya ce game da mai saye. Amma ciniki na halal yana buƙatar yardar mai kaya, kuma mai kaya a nan shi ne wanda ke tsaye a layi. Wa ya tambaye shi? Da a ce mai gaggawa zai bi layi yana ba kowane mutum ɗan abin da zai yarda a wuce shi, da sai a ce ciniki ne tsakanin baligai biyu. Abin da ake yi a zahiri, wani na uku ne ke sayar da abin da ba nasa ba. Sannan zaɓin da ake magana a kai yana ƙanƙancewa kullum: iyalin da suka yi shekara biyu suna tara kuɗi, suka yi tafiyar dubban kilomita domin yini ɗaya, idan suka iske ba za su ga rabin abin da suka zo gani ba sai sun ƙara biya, wannan ya fi kama da kuɗin fansa.

Ta biyu, suna cewa ai jirgin sama ma yana da kujerun manya da na talakawa, otel yana da ɗaki mai tsada da mai araha. Kwatancin bai zauna ba. Wanda ya sayi faffaɗar kujera a gaban jirgi bai jinkirta saukar na baya ba, tare za su isa. Wanda ya kama ɗaki mai tsada bai rage wa maƙwabcinsa barci ba. Shi kuwa mai tsallake layi, jin daɗinsa daga wahalar wani aka ƙera shi, idan babu waɗanda zai wuce, babu abin da ya saya.

Ta uku, kuma ita ce mafi ƙarfi, suna cewa layi ma ba adali ba ne, domin yana fifita mai lokaci a kan mai aiki, mai ƙarfin tsayuwa a kan tsoho da mai jego. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Layi makaho ne, ba ya sanin wanda ya fi buƙata. Sai dai kuɗi ma makaho ne, kuma makantarsa ta fi muni, domin awa ashirin da huɗu aka raba wa kowa a yini, dukiya kuwa ba haka aka raba ta ba. Idan ana tausayin tsoho da mai jego da marar lafiya, sai a buɗe musu ƙofa saboda halinsu. Ƙofar da aka buɗe ba ta tambayar shekaru ko ciwo, lambar katin banki take tambaya.

Ta huɗu, suna cewa kuɗin masu hannu da shuni ne ke hana a ƙara wa kowa farashin shiga. Tarihin farashin bai goyi bayan wannan magana ba. Shiga Walt Disney World dalar Amurka 3 da rabi ne a 1971. A 2015 tikitin yini ɗaya na Magic Kingdom, babban dandalin wurin, ya haura dalar Amurka 100, kuma bayan zuwan hanyar walƙiya ya ci gaba da hawa. Shi kansa Bob Iger, shugaban kamfanin a lokacin, ya amsa a bainar jama'a a 2023 cewa wataƙila sun wuce gona da iri a wasu farashinsu saboda kwaɗayin ƙara riba. Idan mai kaya ya faɗi haka da bakinsa, dillali sai ya yi shiru.

Ta biyar, suna cewa wasa ne kawai, ba asibiti ba ne, ba kotu ba ce. Wannan hujja ita ce ta fi kowace haɗari, kuma za a dawo gare ta.

Waɗanda suka fara shan wuya

Da zarar gaban layi ya zama abin da ke da farashi, duk wata ƙofar jinƙai ta zama abin zargi. A 2013 wata jarida ta birnin New York ta fallasa yadda wasu attajiran birnin ke hayar naƙasassu a matsayin ƴan rakiya, a kan dalar Amurka 130 a awa, domin iyalinsu su shiga ta ƙofar da aka keɓe wa masu lalura. A watan Oktoba na wannan shekara kamfanin Disney ya soke tsohon katin taimakon naƙasassu, ya kawo sabon tsari mai tsauri. A 2024 aka sake ƙuntata shi, aka mai da shi musamman ga masu lalurar da ta shafi haɓakar ƙwaƙwalwa, abin da ya bar mutane da yawa masu ciwon jiki a waje, ya kuma jawo koke-koke daga ƙungiyoyinsu. Kamfanin ya ce yawan masu cin zarafin tsarin ne ya tilasta masa. Ko da an karɓi wannan bayani, tambaya tana nan: me ya sa ƙarya ta yi riba haka? Saboda abin da marar lafiya ke samu kyauta, lafiyayye sai ya biya, kuma kowace kujera da aka ba mai lalura kujera ce da ba a sayar ba. Kashin dankali ke nan, manya a bisa, ƙanana na nishi a ƙasa.

Darasin da yaro ke ɗauka

Masanin falsafar siyasa na jami'ar Harvard, Michael Sandel, ya buɗe littafinsa na 2012 kan abubuwan da kuɗi bai kamata ya saya ba da babi a kan tsallake layi, littafin kuma an fassara shi da Faransanci a 2014. A ciki ya nuna yadda ɗabi'ar kasuwa ke korar ɗabi'ar layi daga wuri zuwa wuri: daga filin jirgin sama da dandalin wasa, zuwa majalisar dokokin Amurka, inda masu kamun ƙafa na manyan kamfanoni ke hayar mutane su tsaya musu a layin shiga zaman sauraren bahasi, har zuwa asibitocin birnin Beijin, inda ƴan cuwa-cuwa ke sayar da tikitin ganin likita. Wannan jeri shi ne amsar masu cewa wasa ne kawai. Al'ada ba ta tsayawa inda aka haife ta. Wanda ya saba tun yana ɗan shekara bakwai cewa jira na marasa hali ne, ba zai ga laifin hakan ba ranar da ya zama likita ko alƙali ko shugaban ma'aikata.

Layi yana cikin tsofaffin makarantun daidaito da ɗan Adam ya ƙirƙiro. Ba ya buƙatar ɗan sanda ko takarda. Dokarsa ɗaya ce, kuma yaron da bai iya karatu ba ya san ta: wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Matan da ke jera bokitai a bakin famfo tun asuba sun san ta, kuma sun san abin da ke faruwa ga wadda ta yi ƙoƙarin tura nata gaba. Malamin da ke jera ɗalibai a ƙofar aji kowace safiya ita yake koyarwa, ko ya sani ko bai sani ba. Cikin layi ne yaro ke fara gane cewa akwai wurin da sunan ubansa ba ya aiki.

To, a dubi yaron da ke tsaye a ƙofa ta farko. Ya yi minti hamsin yana jira, ƙafafunsa sun gaji, sai ga sa'ansa ya zo yanzu-yanzu ya wuce ta gefensa, ma'aikaci yana yi masa murmushi. Zai ɗaga kai ya tambayi ubansa dalili. Uban yana da amsa biyu, kuma duka masu ɗaci ne: ko ya yi masa ƙarya, ko ya gaya masa cewa haƙurin da ake ta yi masa wa'azi a kai na waɗanda ba su da kuɗi ne. Yaron ƙofa ta biyu ma bai tsira ba, asararsa ta fi girma, domin ya koyi wucewa ta gaban mutane ba tare da ya sunkuyar da kai ba. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan ana tanƙwara itatuwa biyu a lokaci guda, ɗaya zuwa ƙiyayya, ɗaya zuwa girman kai, kuma a wurin da aka gina domin iyaye da yara su yi farin ciki tare.

A da, wanda ya ba mai gadi wani abu domin a shigar da shi ta bayan fage, a ɓoye yake yi, yana waige-waige. Wannan kunya tana da amfani, domin shaida ce cewa dokar tana raye ko da an karya ta. Abin da kamfanonin nan suka yi shi ne cire kunyar. Sun ɗauki abin da ake kira toshiyar baki, suka buga masa rasit, suka ba shi suna mai walƙiya, suka rataya masa allo a bakin ƙofa. Halatta abu a takarda ba ya sauya ɗanɗanonsa a bakin wanda aka cuta.

Akwai mafita

Ba gaskiya ba ne cewa babu wata hanya. Dandali yana iya ƙayyade yawan mutanen da zai shigar a yini gwargwadon abin da kayansa za su ɗauka. Yana iya zuba riba cikin ƙarin wasanni da ƙarin ma'aikata. Yana iya ba kowa lambar jira ta waya kyauta, kamar yadda Disney da kansa ya yi a watan Disamba 2019 da ya buɗe wani sabon wasa na Star Wars a Florida, shaidar cewa na'urar tana nan, niyya ce ta sauya. Idan kuma an nace sai an sayar, mafi ƙarancin adalci shi ne a rubuta a bakin babbar ƙofa kashi nawa na kujeru aka ware wa masu ƙarin biya, domin mai sayen tikitin shiga ya san abin da ya rage masa kafin ya zare kuɗinsa. Hukumomin kare haƙƙin masu saye, waɗanda ke tilasta a rubuta abin da ke cikin gwangwanin madara, ba su da uzurin kau da kai daga wannan.

Magic Kingdom kaɗai ya karɓi baƙi fiye da miliyan 17 a 2023, kuma abin da aka gwada a irin wannan wuri ya yi riba, sauran duniya kan kwaikwaya. Idan gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali shafa wa nasa ruwa yake yi. Malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu su ne masu riƙe da ƙofofi da yawa: ƙofar aji, ƙofar gidan matasa ranar wasan kwaikwayo, teburin rajistar ɗalibai, wurin rabon littattafai. Wata rana wani zai zo musu da shawara mai kama da ci gaba, ya ce a buɗe ƴar ƙofa ta gefe ga masu iya ƙarawa, kuɗin zai taimaki asusu. Kafin a amsa masa, a fara ƙirga waɗanda ke tsaye a rana, a lissafa mintocin da za a ɗebe musu, sannan a je a tambaye su ko sun sayar.